Ni kaɗai na rage da na san ko 'yar wace ce Talatu

Salama gare ku 'yan uwa na wannan guruf, Kirista da Musulmi baki ɗaya. Admin na gode da ka yarda ka saka wannan ba tare da sunana ba. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon maganar, tsohuwa ce ke rubutu, na haura saba'in, abin da zan faɗa ma ya faro ne tun ba a haifi yawancinku ba. Sunayen da za ku gani duk na canza su.

Ni 'yar kudancin Kaduna ce, na yi koyarwa a firamare na wasu shekaru kafin Ubangiji ya buɗe mini hanyar jami'a, inda na karanta saikoloji na ilimi, wato sanin yadda yaro ke girma, yadda yake koyo, da abin da ke hana shi koyo. A shekarar ƙarshe ba a ba mutum shaida sai ya yi firaktikal, a tura ka makaranta ka yi zango guda kana aiki da yara na gaske, malaminka yana zuwa yana duba ka. Ni Kafanchan aka turo ni, a shekarun 1970, daidai lokacin da aka fara firamare kyauta. Makarantar ta cika maƙil, wasu azuzuwan a gindin mangwaro ake yi, ɗan shekara shida da ɗan sha uku a benci ɗaya. Kuma ba ta da nisa da layin dogo, in jirgi zai shiga tasha dole malami ya yi shiru sai ya wuce.

Mai duba ni Dakta Yohanna ne, mutumin wajen Kauru, siriri, ba ya ɗaga murya. Yakan zo da tsohuwar motarsa, ya zauna a bayan ɗaki ina aiki da yaro, ba ya cewa uffan, sai an tashi mu zauna ya fara yi mini tambayoyi har in ji kamar ban taɓa shiga aji ba. Tun ranar farko ya ce mini kada in yi saurin laƙaba wa yaro suna, daƙiƙi ko mara ji ko mai taɓin hankali, domin sunan yakan daɗe a jikin yaro fiye da matsalar. Ya kuma ce duk abin da yaro ko iyayensa suka faɗa mini ba nawa ba ne, ajiya ce aka ba ni, shi kaɗai zan iya faɗa wa, shi ma sai na sanar da masu maganar cewa zan faɗa masa.

Kowane ɗalibi sai ya ɗauki yaro ɗaya ya bi shi sosai har ƙarshen zango. Hedimasta ya ba ni Talatu, 'yar aji huɗu, shekarunta kamar sha biyu. Ya ce in na iya da ita to na iya da kowa. Matsalarta ita ce da zarar jirgi ya yi kuka sai ta shige ƙarƙashin benci ta toshe kunnuwa, jikinta na ɓari, wani lokaci har ta jiƙa kanta. Yara suna mata dariya, in an fita hutun ƙarfe tara suna kwaikwayon kukan jirgi a bayanta. Wasu malamai sun ce farfaɗiya ce, wasu sun ce iskoki, an kai ta addu'a, an kai ta asibiti, babu abin da aka gani. A ƙauye ta girma, ba su daɗe da dawowa gari ba, kuma a ƙauye ba ta taɓa yin haka ba.

Na gwada jinta da ganinta, lafiya lau. Na gwada karatu da lissafi, yarinyar ta fi yawancin ajin. Sai na je da murnata na ce wa Dakta na gano, tsoron ƙara ne. Ya dube ni ya ce, "Tsawa fa? Gangar zumuntar mata a coci fa, tana gudu?" Na ce ban tambaya ba. Ya ce in koma in tambaya. Ashe Talatu ko a jikinta in ana tsawa, ita ce ma ke fita kwashe shanya in hadari ya taso. Jirgi ne kawai. Daga nan ya ce in daina yi mata tambayoyi, in ba ta takarda da fensir in zauna kusa da ita in yi shiru. Makonni tana zana gida da kaji da masara. Ran nan ta zana jirgi, dogo, daga kowace taga hannuwa sun fito, babu fuska ko ɗaya. Na ce su wa ke ciki. Ta ce, "Ban sani ba Malama, hannuwa ne kawai nake gani." Ta ce tun tana ƙarama take ganinsu a mafarki.

Dakta ya ce lokacin zuwa gida ya yi. Uwarta, Mama Saraya, ƙosai da kunu take sayarwa a bakin hanya, uban kuma Baba Dauda kafinta ne, akwai ƙannenta maza uku. Da farko Mama ba ta sake da ni ba, ta ba ni kujera da ruwa amma amsa ɗaya-ɗaya take ba ni. Na riƙa zuwa, wani lokaci in taya ta surfen wake, har ta fara kirana 'yata. Wata rana da yamma na nuna mata zanen. Ta daɗe tana kallo. Sai ta kira Talatu da ƙannenta ta ce su tafi rafi ɗebo ruwa, ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa.

Ta ce kafin yaƙin basasa ita da Baba Dauda suna haya kusa da kwatas ɗin ma'aikatan jirgi. Maƙwabcinsu mutumin Gabas ne, yana aiki a tasha, ita da matarsa sun shaƙu kamar 'yan ciki ɗaya, tare suke kasuwa, tare suke wanki. A lokacin Mama ta yi shekaru da aure babu haihuwa, sai 'yar maƙwabciyar ta zama kamar tata, a bayanta take wuni. Da tashin hankalin nan na 1966 ya zo, aka far wa mutanen Gabas da ke Arewa, kowa ya nufi tasha da abin da hannunsa ya iya ɗauka, yarinyar ba ta wuce shekara biyu ba, kuma ƙyanda ta kama ta, jiki zafi kamar wuta, idanu a rufe. Uwar tana goye da jariri, sai Mama ta ɗauki mara lafiyar ta raka su. Ta ce ba ta taɓa ganin jirgi kamar na ranar ba, mutane har a kan rufi, ta taga mijin ya tura matarsa ciki. Matar ta miƙo hannu za ta karɓi yarinyar, sai ta waiwaya ta dubi cikin taragon, babu wurin ajiye ƙafa, babu iska, babu ruwa. Ta ce, "Saraya, ba za ta kai ba. Riƙe mini ita, zan dawo." Jirgi ya yi kuka ya tashi, hannunta na waje, yarinyar na ihu a ƙirjin Mama.

Washegari suka tattara suka koma ƙauye. Sun daɗe rabonsu da gida, sai suka ce tasu ce, a gari aka haife ta. Tsohuwar Baba Dauda ta gane amma ta ja bakinta har ta mutu. Aka yi wa yarinyar baftisma da sabon suna. Bayan yaƙi Mama ta riƙa shigowa Kafanchan tana zuwa tasha duk sanda ta ji wasu sun dawo, wasu kuwa sun dawo, amma ban da su. Wani ya ce ya ji uban ya mutu a yaƙi, uwar ba wanda ya san labarinta. Daga baya Allah ya ba Mama nata 'ya'yan. Abin da ta faɗa bayan wannan shi ne har yau ba ya barin kunnena. Ta ce, "'Yata, da farko addu'ata ita ce ta dawo. Daga baya addu'ata ta koma kada ta dawo. Ta biyun nan ko fasto ban iya faɗa wa ba." Ta faɗa mini sunan da uwar ta raɗa wa Talatu, da sunan uban, da sunan garinsu. Sannan ta kama hannuna biyu ta ce in yi mata alkawari a gaban Allah Talatu ba za ta ji daga bakina ba, ita da bakinta za ta faɗa mata. Na yi alkawarin. Na ce mata malamina kaɗai zai ji, ta yarda.

Ranar da na faɗa wa Dakta mun yi rigimar da ban taɓa yi da wani malami ba. Ni a lokacin jinina na tafasa, na ce a faɗa wa yarinyar, ko kuwa a bi ta coci a aika Gabas a nemi danginta, domin wata uwa tana can tana ƙirga shekarun 'yarta. Shi ya ce a'a. Na ce masa yana fakewa da littafi ne, ƙa'ida ta fi masa rai. Ya ce ni ƙarshen zango zan ɗauki akwatina in tafi, matar nan da yarinyar nan su ne za su kwana su tashi a ɗaki ɗaya da abin da na fasa, kuma in na karya wannan babu wata uwa a unguwar da za ta sake rufe ƙofa da mai irin aikinmu. Ya ce faɗa wa Talatu aikin Mama ne, nawa shi ne in sauƙaƙa wa yarinyar, in kuma taimaki uwar ta kai ga faɗa mata. Har ya ce in na tsallake shi ba zai sa hannu a firaktikal ɗina ba. Na yi kuka a gabansa. Da na ɗago na ga shi ma idonsa ya yi ja, sai daga baya na ji yana da abokan makaranta da suka shiga irin jirgin nan bai sake jin ɗuriyarsu ba. Mako na gaba ya bi ni gidan da kansa, ya zauna a tabarma, ya yi wa Mama magana a hankali. Ta ce za ta faɗa mata in ta gama firamare.

Sauran zangon na yi shi ne da Talatu yadda ya koya mini. Muka fara da hoton jirgi, tana numfashi a hankali tana riƙe da hannuna. Muka koma sauraro daga can nesa, bayan makaranta. Kullum muna ɗan matsawa. Na samu malamin ajin ya hana yara tsokanarta. A ƙarshe muka je tasha mu uku da Mama, Dakta na tsaye daga gefe yana kallo. Jirgi ya shigo, Talatu ta rungume Mama ta rufe ido amma ba ta gudu ba, ba ta faɗi ba. Wadda ƙafafunta suka kasa ɗaukarta ranar Mama ce, sai da muka zaunar da ita a kan buhun wani ɗan kasuwa. Talatu na tambaya me ya sami Mama, na ce rana ce. Na ci firaktikal da maki mai kyau, aka yaba mini a gaban 'yan ajinmu, ni kuwa ban ji daɗin yabon ba ko kaɗan.

Bayan nan aiki ya kai ni wurare, na yi aure, na haihu, amma duk Kirsimeti in na zo gida sai na biya wajen Mama. In mun keɓe in tuna mata. Ta ce bari Talatu ta gama sakandare. Ta gama, ta ce bari ta gama makarantar nas kada hankalinta ya rabu. Sai bari ta yi aure kada dangin miji su samu abin faɗa. Sai bari ta haihu lafiya. Ban taɓa ganin mugunta a ciki ba, tsoro ne. Baba Dauda ya rasu. Na taɓa zuwa wajen Dakta bayan ya yi ritaya na ce masa har yanzu fa shiru. Ya ce, "Tana da rai?" Na ce e. Ya ce, "To har yanzu nata ne." Ban tambaye shi in ta mutu fa ba, a lokacin ban kawo haka a raina ba, shi kuma ya riga ta tafiya. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Mama na je asibiti, bakinta ya riga ya mutu. Talatu ta fita karɓo magani, Mama ta damƙe hannuna da hannunta mai lafiya tana hawaye tana ƙoƙarin magana, sauti kawai ke fita. 'Yan uwa na rantse muku ban san ko cewa take in faɗa ba, ko cewa take in rufa mata asiri. Ba ta sake magana ba har ta rasu. Na yi shekaru ina juya wannan riƙon a raina, yau in fassara shi haka gobe in fassara shi haka.

Yanzu Talatu ta yi ritaya daga aikin nas, tana Sabon Tasha, mijinta ya rasu, tana da jikoki. Shugaba ce a zumuntar matan cocinsu, yarenmu ta fi ni iya shi, in rigima ta taso a gidansu ƙannenta ita suke kira ta raba. Har yau Malama take ce mini. Kwanan baya ta zo gaishe ni da doya da citta, muka ci abinci, sai na ga ba ta da niyyar tashi. Ta ce 'yarta ta auri mutumin Gabas, ta haihu, ita kuma ta je can ta yi mata zaman jego. Wata rana kakar mijin, tsohuwa tukuf, ta ɗauki jaririn tana masa waƙar reno da yarensu. Talatu ta ce ba ta jin ko kalma ɗaya, amma sai ta ji bakinta yana bin muryar, ta san inda za ta hau da inda za ta sauka tun tsohuwar ba ta kai ba, hawaye na zuba ba ta san dalili ba, har ta tashi ta shiga bayi don kada surukai su gani. Ta ce tun da ta dawo mafarkin nan na yarinta ya dawo. Sai ta dube ni ta ce, "Malama, ranar da Mama ta aike mu rafi ta rufe ƙofa da ke, randunanmu a cike suke. Ni na cika su da safe. Me ta faɗa miki?"

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Ban yi mata ƙarya ba, ban kuma faɗa ba, na ce ta ba ni lokaci, tsufa ya zo, sai na natsu. Ta ce ƙarshen watan nan za ta zo ta raka ni ganin likitan zuciya, za ta sake tambayata sau ɗaya, in na ce babu komai za ta yarda, ba za ta ƙara tayar da maganar ba har abada. Kuma na san halinta, za ta yarda ɗin, ko ta nuna ta yarda.

Ga inda na tsaya. In na faɗa, na karya alkawarin da na yi da sunan Allah ga matar da ba ta nan balle ta yafe mini, na kuma karya abin da na yi shekaru ina koya wa nawa ɗaliban in na je duba su a firaktikal. Talatu tana da hawan jini. Ƙaninta na biyu mutum ne mai zafi, tun rasuwar Mama yake ƙorafi a kan ɗakunan da aka bar mata a gidan Kafanchan, in ya ji wannan ban san abin da zai fito daga bakinsa ba, kuma kun san yadda maganar ɗan ƙasa da baƙo take a wajenmu. Tana iya tafiya neman dangi ta tarar da kaburbura, ko ta tarar ba wanda ya ma san sunan. Abin da na fi tsoro shi ne ta juya ta riƙe Mama a zuciya, matar da ta yi jinyarta har ƙyanda ta sake ta, ta soya ƙosai a rana da ruwan sama ta kai ta makaranta.

In kuma na yi shiru, jaririn nan da ke goye ranar, in ya rayu, yanzu dattijo ne, wataƙila ya girma yana jin uwarsa tana maganar yayarsa da aka bari a Arewa. Wataƙila matar ta dawo nema bayan yaƙi ta tarar sun koma ƙauye, ba ta san sunan ƙauyen ba. Wannan tunanin shi ke hana ni cin abinci. Mama ba ta ce kada Talatu ta sani ba, cewa ta yi ita za ta faɗa, kuma ba ta samu ta faɗa ba. Likita ya riga ya gaya mini zuciyata ba ta da ƙarfi kamar da. Ban taɓa rubuta sunayen nan a ko'ina ba, ko mijina bai ji su ba har ya rasu, 'ya'yana ba su sani ba. Fastonmu ba zan iya zuwa wajensa ba, ya san gidan, daga jimla biyu zai gane. Ranar da aka rufe ni an rufe sunan uwarta da na ubanta da garinsu ke nan.

Shi ya sa na zo gare ku, ku da ba ku san ni ba. Alkawarin da aka yi wa mai rai yana nan daram bayan ta mutu, ko kuwa yanzu maganar ta zama ta Talatu? Masu irin aikina da ke cikin guruf ɗin nan, da fastoci da malamai, me ƙa'ida ta ce, me zuciyarku ta ce? In faɗa mata duka, ko in fara tambayarta iyakar abin da take so ta ji? In kira babbar 'yarta ta zauna kusa da ita, ko mu biyu kawai? Ku da kuka girma a hannun da ba na mahaifiyarku ba, in da ku ne, a shekara sittin, za ku so ku ji?

Roƙo ɗaya nake yi, kada kowa ya zagi Mama Saraya a ƙarƙashin wannan rubutu, ba ku ga fuskarta ba, ni na gani. Ni dai ku faɗa mini abin da zan ce, domin ƙarshen wata ya kusa, kuma duk amsar da na ba ta, da ita za ta zauna har ƙarshen ranta.